Rayuwar Aisha Fallatiya, 'Yar Asalin Sakkwato Da Ta Buɗe Wa Mata Ƙofar Waƙa A Sudan

A ƙasar Sudan akwai wata tsohuwar waƙar soyayya da ake kira Simsim al-Gadarif, wato Riɗin Gadarif, wadda ta haura rabin ƙarni tana yawo a bakin mutane. An ji ta a faifan garmaho, an ji ta a rediyo da kaset, ga ta kuma yau a wayoyin hannu. Mawaƙa maza da mata sun yi ta ɗaukar ta suna sake rerawa, kowa da irin muryarsa da kayan kiɗan zamaninsa. Amma duk lokacin da aka tashi faɗin mai waƙar, suna ɗaya ake ambata: Aisha Musa Ahmad, wadda duniya ta sani da Aisha al-Falatiya, Hausawa kuma suke ce mata Aisha Fallatiya.

Ita ce mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a gidan rediyon Sudan. Iyayenta kuwa mutanen ƙasar Sakkwato ne, waɗanda niyyar aikin Hajji ta fitar da su daga gida.

Hanyar gabas

Kafin jirgin sama ya sauƙaƙa aikin Hajji, maniyyaci daga ƙasar Hausa kan yi bankwana da danginsa ba tare da sanya ranar dawowa ba. Ayari kan tashi daga Kano ya nufi gabas, ya ratsa Borno, ya shiga ƙasar Wadai, ya bi ta Darfur da Kordofan har ya riski Kogin Nilu, daga nan kuma a nufi gaɓar Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa a Sawakin ko Port Sudan zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, domin guzuri kan ƙare a hanya, sai a yada zango a yi noma ko ɗinki ko koyar da karatu, a tara abin da zai kai mutum zango na gaba. Da yawa daga cikin matafiyan nan, a tafiya ko a komowa, sun ga wurin zama a Sudan sun zauna.

Yawansu ya ƙaru bayan shekarar 1903, lokacin da Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas har ya yi shahada a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa Sudan, inda suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira a 1925, ƙwadagon waɗannan baƙi na yamma yana cikin abin da ya riƙe gonakin.

Mutanen Sudan sun haɗa su duka, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, suka sa musu suna ɗaya: Fallata. Asalin kalmar ita ce sunan da Barebari suke kiran Fulani da shi, amma a birnin Umdurman na wancan lokaci ta ɗauki wani nauyi na raini, ana jifan mutum da ita don a tuna masa cewa baƙo ne, ko da kuwa a nan aka yanke cibiyarsa.

A cikin wannan al'umma aka haifi Aisha, a garin Kasala da ke gabashin Sudan kusa da iyakar Iritiriya, a farko-farkon ƙarni na 20. Mahaifinta, Malam Musa Ahmad, malamin addini ne Bafulatani, mahaifiyarta kuma Bahaushiya. Aisha ce babba a cikin 'ya'ya 7. Daga baya iyalin suka koma Umdurman, birnin da ke tsallaken kogi daga Khartum, wanda shi ne cibiyar kasuwanci da adabi da kiɗa ta ƙasar.

Daga allo zuwa gidan biki

A Umdurman mahaifinta yana da makarantar allo, irin wadda mutanen Sudan suke kira khalwa, kuma a nan Aisha ta yi karatu, ta koyi haddar Alƙur'ani da fitar da haruffa daga mafitarsu. Masu nazarin waƙoƙinta suna danganta tsabtar lafazinta da iya sarrafa numfashinta ga wannan horo na ƙuruciya. Duk wanda ya zauna gaban alaramma ya san cewa ba a barin almajiri ya haɗiye harafi ko ya yanke numfashi inda bai dace ba, kuma wannan tarbiyya ba ta barin harshe.

Tana da kimanin shekara 14 ta fara waƙa a gidajen biki. Bikin aure a Sudan yana da ɓangaren mata zalla, inda ake kaɗa wata ganga ta yumɓu mai suna daluka, ana rera waƙoƙin da suke kira waƙoƙin 'yan mata, amarya tana rawa. Duk Bahaushen da ya san gaɗa da kiɗan ƙwarya da amada zai gane irin wannan fage: waƙoƙi ne gajeru masu amshi, cike da zambo da yabo da begen masoyi, waɗanda ba a rubuta su, ba a kuma cika sanin wadda ta fara ƙaga su ba. Cikin ɗan lokaci sunan Aisha ya bazu a unguwanni, masu biki suka riƙa neman ta.

Wannan bai yi wa mahaifinta daɗi ba. A idon jama'ar wancan zamani, mace mai waƙa don a biya ta ba ta da mutunci, balle a ce 'yar malami ce. Ya nemi ya tsayar da abin ta hanyar da iyaye suka saba bi, ya yi mata aure. Auren bai wuce shekara 2 ba ya mutu, babu haihuwa, Aisha kuma ta koma ga waƙarta. Daga baya ta sake yin aure, kuma a gidan mijinta na biyu ta haifi 'ya'yanta.

Faifan Alƙahira

A shekarun 1920 da 1930 waƙar birni a Sudan tana hannun maza. Salon da ya yi tashe shi ne wanda daga baya aka sa wa suna Haƙiba, inda mawaƙi yake rera baitocin da wani sha'iri ya tsara, 'yan amshi suna tafi suna karɓa masa. Manyan wannan fage su ne irin su Muhammad Ahmad Sarur da Abdulkarim Karoma da Khalil Farah. Da yake babu wurin ɗaukar murya a Sudan, sai mawaƙi ya yi doguwar tafiya ta jirgin ƙasa da na ruwa zuwa Alƙahira, a ɗauki waƙarsa a faifai, a dawo da faya-fayan a sayar a kasuwar Umdurman.

A cikin shekarun 1930 wani sabon kiɗa mai suna tumtum ya ɓullo daga wajen garin Kosti da ke bakin Farin Nilu. Kiɗa ne mai sauri, na rawa, wanda ya fito daga bakin matan talakawa da ma'aikata. Kalmominsa na yau da kullum ne, babu ƙawar balagar sha'irai, shi ya sa masu ilimi suka raina shi, matasa kuma suka rungume shi. A wannan kiɗa Aisha ta yi fice.

Wajen ƙarshen shekarun 1930 wakilin wani kamfanin faya-fayai na Masar ya ji muryarta, aka tafi da ita Alƙahira ta yi waƙoƙi da dama. Da faya-fayan suka iso Sudan, sai suka cika gidajen shayi da gahawa, inda maza suke taruwa da yamma a kewayen garmaho. Nan aka samu wani abin mamaki: mutanen da ba za su yarda a gan su a wurin da mace take waƙa ba, ga su suna biyan kuɗin shayi don su saurari muryarta daga cikin akwati.

Sunan da aka buga a kan faya-fayan shi ne Aisha al-Falatiya. Kalmar da ake yi wa mutanenta gori da ita ta zama sunan da ta yi suna da shi, ba ta kuma sauya shi ba har ƙarshen rayuwarta.

Yaƙi da rediyo

Yaƙin Duniya na Biyu ya iso ƙofar Sudan da wuri. A watan Yulin 1940 sojojin Italiya da ke Iritiriya suka mamaye Kasala, garin haihuwar Aisha, ba a kuma ƙwato shi ba sai a Janairun 1941. Rundunar Tsaron Sudan ta shiga yaƙin gabashin Afirka a ƙarƙashin Ingila, ta halarci gumurzun Keren a farkon 1941, daga baya kuma aka tura wasu rukunoninta hamadar Libiya. A wannan fage na gabashin Afirka ne sojojin Nijeriya su ma suka yi yaƙi, suka shiga Mogadishu suka nausa cikin Habasha.

Aisha tana cikin mawaƙan da aka riƙa kaiwa sansanonin soja don su ɗebe wa mayaƙa kewa. Daga wannan zamani ne waƙarta Yaju Aidin ta fito, wadda addu'a ce ta matan da aka bari a gida, suna roƙon Allah Ya dawo da mazajensu da 'yan'uwansu lafiya. Waƙar yaƙi ce a zahiri, amma zuciyarta bege ne, shi ya sa ta rayu bayan an manta da dalilin yaƙin.

Yaƙin ne kuma ya kawo rediyo. A 1940 hukumar mulkin mallaka ta buɗe gidan rediyon Umdurman domin yaɗa labaran fagen fama, ana watsa shiri na ɗan gajeren lokaci a kullum, jama'a suna taruwa a dandali suna saurare ta lasifika. Ba a daɗe ba aka gane cewa labari kaɗai ba ya riƙe mai sauraro, sai an haɗa da waƙa. A 1942 aka gayyaci Aisha, ta shiga ɗakin watsa shirye-shirye tare da ƙanwarta Jidawiyya, wadda ta ƙware wajen kaɗa ud, wato babban molon Larabawa, a lokacin da ba a saba ganin mace riƙe da shi ba.

Masu sauraro sun yi na'am da shirin, amma ƙura ta tashi. Masu ra'ayin riƙau suka yi tir da abin, wasu mawaƙa maza kuma suka ƙaurace wa gidan rediyon, suna ganin an zubar musu da daraja da aka haɗa su layi ɗaya da mace mai waƙar biki. Abu biyu aka haɗa aka yaƙe ta da su, kasancewarta mace da kuma asalinta. Tsanar ta yi tsanani har ta taɓa tunanin tattara kayanta ta koma Nijeriya, ƙasar iyayenta. A ƙarshe ta zauna. Jama'a suka ci gaba da neman waƙoƙinta, gidan rediyon ya ci gaba da kiran ta, masu ƙauracewa suka gaji suka dawo. Kafin ta bar fage, sai da aka ji ta tana waƙar ba-ni-in-ba-ka da mawaƙa maza a wannan gidan rediyo da aka so a hana ta shiga.

Riɗin Gadarif da masu maimaita ta

Gadarif yanki ne na baƙar ƙasa mai albarka a gabashin Sudan, wanda ya shahara da noman dawa da riɗi, kuma akwai Hausawa da Fulani masu yawa a cikin manomansa. Riɗinsa ne abin alfaharin kasuwar ƙasar. Ɗan kasuwar da ya san darajar farin riɗi a Jigawa, ya ga yadda ake cinikinsa a kasuwar Maigatari, ba ya bukatar a yi masa bayanin dalilin da zai sa a kamanta masoyi da shi. Abu ne ƙarami, fari, mai tsabta, mai maiƙo, mai tsada. Waƙar ta ɗauki wannan kamance ta ɗora a kan wani mai ƙuruciya wanda bai kai ga fahimtar halin da mai son sa yake ciki ba. Sha'iran Haƙiba suna kamanta abin ƙauna da wata da barewa da lu'ulu'u, kamar yadda suka gada daga tsohon adabin Larabci. Waƙar tumtum kuwa ta shiga rumbu da kasuwa ta ɗauko abin da kowa yake gani.

Tarihin wannan waƙa da 'yan'uwanta ya bi sauye-sauyen na'urar ɗaukar murya. A gidan biki waƙa ba ta da iyaka, ana ja ana ƙari muddin masu rawa ba su gaji ba, kowace zabiya tana sa nata baitin. Faifan garmaho kuwa ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti 3 a kowace fuska, don haka dole a zaɓi baitoci, a tsayar da farko da ƙarshe. Abin da aka tsayar ɗin shi ya zama waƙar a kunnen jama'a, sunan wadda ta rera shi kuma ya manne da ita. Da rediyo ya kafa ƙungiyar makaɗa, sai aka shigo da gogen Turawa da ud da akodiyon, aka yi wa waƙoƙin shimfiɗar kiɗa kafin murya ta shigo. Zamanin kaset ya mayar da su motocin haya da shaguna. Daga baya madannin kiɗa na lantarki ya maye gurbin ƙungiyar makaɗa a bukukuwa, saurin kiɗan ya ƙaru. A shekarun baya-bayan nan, shirin talabijin na Aghani wa Aghani, wanda marigayi Assir Gaddur ya daɗe yana gabatarwa a tashar Blue Nile a kowane watan azumi, ya mayar da sake rera tsofaffin waƙoƙi wata makaranta, inda ake zaunar da matasan mawaƙa a ba su tarihin waƙa sannan su rera ta.

Maimaita waƙa yana da riba, yana kuma da hasara. Ribar ita ce waƙar da ake sake rerawa ba ta mutuwa, domin kowane zamani yana karɓar ta a muryar da ya saba da ita. Hasarar kuwa tana kan masu ita. Yawancin 'yan matan da suka ƙagi amshin waƙoƙin tumtum sun tafi ba a san sunayensu ba, ba su kuma ci ko sisin kwabo daga abin da ya fito daga bakinsu ba. Aisha ta tsira daga wannan mantuwa ne saboda an ɗauki muryarta an rubuta sunanta a kan faifai da kundin rediyo. Irin wannan tambaya tana nan a ƙasar Hausa, inda waƙoƙin gaɗa da na amada suka fito daga tsakar gida, zabiyoyi irin su Barmani Choge suka fitar da su duniya, masu fim da mawaƙan zamani kuma suke ɗiba suna sabuntawa, sau da yawa ba tare da an ambaci inda aka ɗebo ba.

'Yar ƙasa ko baƙuwa

Ko da yake da waƙar soyayya aka fi sanin ta, kuma maza sha'irai ne suka rubuta mata da yawa daga cikin baitocin da ta rera, Aisha ta yi waƙoƙin kishin ƙasa, an kuma san ta da goyon bayan haƙƙin mata da na ma'aikata da neman 'yancin Sudan daga mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar. An samu 'yancin a ranar 1 ga Janairun 1956.

Sai dai 'yancin bai warware matsalar mutanenta ba. Dokokin zama ɗan ƙasa na 1948 da 1957 sun ɗora sharaɗin cewa sai mutum ya nuna shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun kafin Turawa su ci ƙasar a 1898. Wannan ya bar dubban Hausawa da Fulani da aka haifa a can cikin wahalar samun takardar shaida, alhali su ne suke noman audugar da ƙasar take taƙama da ita. A irin wannan yanayi, ba ƙaramin abu ba ne a ce muryar da take fita daga rediyon gwamnati, wadda ake saurare daga Halfa har Niyala, tana ɗauke da sunan Fallata a fili.

Ba ta kuma yar da harshen mahaifiyarta ba. Ta yi waƙa da Hausa, kuma wadda aka fi tunawa da ita a Nijeriya ita ce waƙar maraba da ta yi wa Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. Gidajen rediyon Arewa sun yi ta sanya ta a shekarun 1960. Ga masu sauraro na wancan lokaci sabon abu ne a ji mace tana waƙar Hausa a kan kiɗan ƙungiyar makaɗa ta zamani, ba kalangu ba ƙwarya. Kunnen Bahaushe bai sha wahalar karɓar ta ba, domin kiɗan Sudan an gina shi ne a kan ma'aunin sauti biyar, irin wanda ya yawaita a kiɗan ƙasashen Sahel da Habasha, saɓanin kiɗan Masar da Sham. Wannan kusanci ne ya sa daga baya mawaƙan Sudan irin su Sayyid Khalifa da Muhammad Wardi suka sami masoya a Arewacin Nijeriya da Nijar da Chadi.

Rasuwarta da abin da ta bari

Aisha ta ci gaba da waƙa har cikin shekarun 1960, tana zaune a Umdurman, tana yawan ziyartar Masar inda take da masoya. An ƙiyasta waƙoƙin da aka ɗauka da muryarta sun haura 150, mafi yawansu a gidan rediyon Umdurman. Ƙofar da ta buɗe ba ta sake rufuwa ba. Ta nan Muna al-Khair ta shiga, ta nan Hawwa al-Tagtaga ta fito daga gidajen biki zuwa idon ƙasa, ta nan kuma 'yan'uwan nan mata uku da ake kira Al-Balabil suka ɓullo a 1971, a lokacin da ganin mace a gaban makirfo ya daina zama abin faɗa.

Ta rasu a Umdurman ranar 24 ga Fabrairun 1974.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya taɓa gadonta kai tsaye. Harabar gidan rediyo da talabijin ta Umdurman, inda aka adana faya-fayai da zaren muryoyin mawaƙan ƙasar tun daga shekarun 1940, ta faɗa hannun dakarun RSF tun a farkon rikicin, ta zama fagen fama har zuwa watan Maris na 2024 da sojojin gwamnati suka karɓe ta. Miliyoyin mutane sun bar gidajensu, cikinsu har da jikokin waɗancan maniyyata da suka tashi daga Kano da Sakkwato da Borno. A irin wannan hali, abin da ya fi tabbas wajen adana waƙa shi ne bakin mutane da kwafin da suka bazu a hannun jama'a, a Alƙahira da Jidda da sansanonin gudun hijira na Chadi. Matan da aka raba da mazajensu suna da waƙar da Aisha ta bar musu ta roƙon a dawo lafiya, masu biki a baƙon wuri kuma suna da ta riɗi.

A Nijeriya kuwa, tsarar da ta ji muryarta a rediyo a zamanin Sardauna tana ƙarewa, kuma kaɗan ne daga cikin matasan da suke sauraron mawaƙa mata na Hausa a yau suka san cewa wata 'yar malamin allo, mai jinin Sakkwato, ta riga su shan wannan gwagwarmaya a bakin Kogin Nilu. Allah Ya jiƙanta, Ya gafarta mata, Ya kuma zaunar da ƙasar Sudan lafiya.